Ƙauyen Tsucibuci da Littafin Tono Monogatari: Tarken Littafi Bisa Tarihin Mahaifarsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tarken wani ɗan littafi na ƙasar Japan mai suna Tono Monogatari, watau Labaran Tono, wanda Yanagita Kunio ya wallafa cikin shekarar 1910, sannan a auna shi da tarihin ƙauyen da ya haifi labaran. Sunan wannan ƙauye Tsucibuci, yana cikin lardin Iwate a arewa maso gabashin Japan. A yau ba a lissafa shi cikin ƙauyuka masu hukumar kansu, domin tun 1954 aka haɗe shi da maƙwabtansa aka yi birnin Tono.

Manazarta adabin baka na Japan sun ɗauki wannan littafi a matsayin harsashin iliminsu, hukumar birnin Tono kuma ta ɗauke shi tamkar takardar shaidar haihuwarta. Ra'ayin da takardar nan za ta kare shi ne, littafin ya riga gwamnati haɗe Tsucibuci da Tono da shekara 44, ta fuskar suna da harshe da wanda aka ce shi ne mawallafi. Amma duk da haka, a cikinsa ne tarihin gidajen ƙauyen ya tsira, muddin aka karanta shi a matsayin labarin mutane sanannu a wuri sananne. Za a fara da tarihin ƙauyen, sannan yadda aka samar da littafin, kafin a zo ga tarken kansa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Tsucibuci

Ƙasar Tono wani kwari ne mai faɗi wanda duwatsu suka kewaye, mafi tsayinsu shi ne Hayacine mai mita 1,917. Garin Tono yana tsakiyar kwarin. A da can mazaunin wani reshe ne na gidan sarautar Nambu, kuma kasuwa ce inda fatake masu kawo kifi da gishiri daga gaɓar teku ke haɗuwa da masu shinkafa daga cikin ƙasa. Ƙauyukan kewaye kuwa manoma ne masu kiwon dawaki, har ma gidajensu na gargajiya da ake kira magariya gini ne mai lanƙwasa, mutane a ɓangare guda, dawaki a ɗaya ɓangaren, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ƙasa ce mai sanyi. In iska mai sanyi ta taso daga teku a lokacin da shinkafa ke neman zafi, sai amfanin gona ya lalace, kamar yadda ya faru a 1902 da 1905.

Abin lura na farko shi ne, Tsucibuci a matsayin hukuma ba daɗaɗɗen abu ba ne. A shekarar 1889 gwamnatin zamanin Meiji ta fara aiki da dokar garuruwa da ƙauyuka, ta harhaɗa ƙananan ƙauyuka domin kowace hukuma ta sami gidaje ɗari uku zuwa ɗari biyar da za su iya riƙe makarantar firamare, da tara haraji, da rajistar jama'a. Ƙananan hukumomin ƙasar suka ragu daga 71,314 zuwa 15,859. A wannan aiki ne aka haɗa ƙauyuka biyar, ciki har da Yamaguci da Tocinai, aka laƙaba musu sunan guda daga cikinsu, watau Tsucibuci. Ke nan lokacin da littafin ya fito, hukumar ƙauyen ba ta wuce shekara 21 da kafawa ba.

Haɗewa ta biyu ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ƙaramar sakandare da sauran hidimomi, sai dokar 1953 ta nemi kowace hukuma ta kai kimanin mutum 8,000. Daga hukumomi 9,868 a 1953 aka dawo 3,472 a 1961. Ranar 1 ga Disamba 1954 garin Tono da ƙauyuka bakwai suka zama birni guda, Tsucibuci ya koma unguwa a cikinsa. A 2005 kuma ƙauyen Miyamori ya shigo. Shekara 65 ke nan kacal Tsucibuci ya yi yana da majalisa da shugaba nasa na kansa.

3.0 Yadda Aka Samar da Littafin

Mutum biyu ne suka haɗu littafin ya samu. Na farko Sasaki Kizen (1886 zuwa 1933), mutumin unguwar Yamaguci a Tsucibuci, wanda ya je Tokiyo karatu yana burin zama marubucin ƙagaggun labarai. Na biyu Yanagita Kunio (1875 zuwa 1962), mutumin lardin Hyogo a yammacin ƙasar, babban ma'aikacin gwamnati wanda ya fara aiki a ma'aikatar gona da ciniki. Wani marubuci abokin Sasaki, Mizuno Yoshu, shi ya haɗa su a Tokiyo cikin Nuwamba 1908. Sasaki ya riƙa zuwa gidan Yanagita da dare yana ba da labaran da ya ji daga tsofaffin garinsu, shi kuwa Yanagita yana rubutawa. Sai a Agusta 1909 Yanagita ya taka ƙasar Tono da ƙafarsa.

Littafin ya fito a Yuni 1910, kwafi 350 kurum, da kuɗin Yanagita. Yana ƙunshe da gajerun labarai 119, kowanne da lambarsa. A 1935 aka sake buga shi da ƙarin labarai 299, a 1975 kuma Ronald Morse ya fassara shi zuwa Ingilishi.

A gabatarwarsa Yanagita ya yi iƙirari biyu waɗanda su ne ginshiƙin wannan tarke. Na ɗaya, ya ce bai ƙara ba bai rage ba, ya rubuta ne yadda abin ya shige shi. Na biyu, ya ce waɗannan al'amura ne na yanzu, masu aukuwa a zamaninsa. Mai nazarin adabin Hausa zai gane muhimmancin iƙirari na biyu, domin kamar yadda muke bambance tatsuniya da labari, haka su ma suke yi. Tatsuniyar Tono tana da mabuɗi, mukashi atta zumona, da marufi, dondo hare, kwatankwacin ga ta nan ga ta nanku da ƙurunƙus. 'Yan kaɗan ne irin wannan a littafin, suna can wajen ƙarshe. Sauran duk labarai ne da ake ambaton unguwa da gida, wani lokaci har da cewa mutumin yana nan da rai.

4.0 Tarke

4.1 Suna da Mallaka

An kira littafin Labaran Tono. Ba za a ce suna ne na ƙarya ba, domin tun da can ana kiran kwarin baki ɗaya ƙasar Tono, kuma akwai labaran Matsuzaki da Kamigo da sauran ƙauyuka a ciki. To amma idon da ya ga abubuwan nan idon ɗan Yamaguci ne. Kakanninsa da maƙwabtansa da tsofaffin unguwarsu su ne suka fi yawan fitowa. Wanda ya karanta sunan a Tokiyo zai ɗauka murya ce ta yanki guda, alhali kuwa ƙauye ɗaya ne, har ma unguwa ɗaya, ke magana da yawun sauran. Abin da dokar 1953 ta yi a kan taswira, sunan littafin ya riga ya yi shi a zukatan masu karatu.

Haka nan batun mallaka. Yanagita bai ɓoye sunan Sasaki ba, a farkon gabatarwa ya faɗa cewa daga bakinsa ya ji komai, ya kuma yabe shi da gaskiya, ko da yake ya ce bai iya ba da labari ba. Amma sunan Yanagita ne a bango, shi aka sani da uban ilimin al'adun gargajiya na Japan. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a gare mu. A daidai waɗannan shekaru, tsakanin 1911 da 1913, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a Belfast da sunan Frank Edgar, alhali malaman ƙasa ne suka rubuto masa da ajami. Bambancin kawai shi ne, a Japan mai tarawa da mai bayarwa 'yan ƙasa ɗaya ne, tazarar da ke tsakaninsu ta birni da ƙauye ce, da ta muƙami.

4.2 Harshe da Salo

Sasaki ya yi magana da karin harshen Tono mai nauyi. Yanagita kuwa ya rubuta da tsohon harshen rubutu na adabi, a lokacin da marubutan zamaninsa suka riga suka koma ga rubutu mai kama da maganar baka. Saboda haka iƙirarin bai ƙara ba bai rage ba yana buƙatar a yi masa karatun tsanaki. Ba kalmomin Sasaki ya adana ba, tasirinsu a kansa ya adana.

Labari na 8 ya isa misali. A rubutun Yanagita, wata yarinya ta ɓace ta bar takalmanta a gindin bishiya. Bayan shekara talatin da 'yan kai, ran da dangi suka taru, sai ga ta ta dawo tsohuwa tukuf, ta ce kewarsu ta kawo ta, ta juya ta sake ɓacewa. Ran nan ana iska mai ƙarfi, don haka duk ran da iska ta taso sai a tuna da ita. Labari ne ɗan layuka kaɗan mai sa tsikar jiki ta tashi. Amma Sasaki da kansa ya rubuta shi daga baya cikin nasa littafin, kuma ya sha bamban. A wurinsa sunan unguwar Noboto, a wurin Yanagita kuwa Samuto, sunan da babu shi a ƙasar. Daɗin daɗawa, tsohuwar ba sau ɗaya ta zo ba. Kowace shekara takan zo da guguwa mai ɓarna, har mutanen gari suka gaji, suka nemi masu tsibbu suka kafa dutse a kan iyaka don a tare ta, ba ta sake zuwa ba.

A duba abin da aka rasa. Labarin Yanagita na kewa ne da begen gida. Na Sasaki kuwa labarin al'umma ce da ta rufe wa 'yarta ƙofa don ta tsare amfanin gonarta. Na farko ya fi daɗin karatu, na biyu ya fi faɗa mana yadda ƙauye ke yanke hukunci. Ana iya fahimtar dalilin zaɓin Yanagita in aka tuna cewa a lokacin hankalinsa yana kan wani hasashe, cewa akwai ragowar mutanen farko na ƙasar suna zaune a cikin duwatsu. Abokin muhawararsa Minakata Kumagusu ya soki wannan hasashe, shi ma daga baya ya bar shi. Amma shi ya sa labaran mutanen dutse da matan da aka sace suka sami gurbi a farkon littafin.

Duk da wannan suka, adalci ne a faɗi ƙarfin salon. Yanagita ba ya wa'azi, ba ya bayyana dalili, ba ya gaya wa mai karatu abin da zai ji. A labari na 22, fatalwar wata kakar gidan Sasaki ta shigo daren da ake zaman makokinta, gefen rigarta ya taɓa kwandon gawayi da ke kusa da murhu, kwandon ya yi ta juyawa. Marubuci Mishima Yukio, a wata maƙala da ya rubuta gab da mutuwarsa a 1970, ya nuna cewa juyawar kwandon nan ita ce ta mai da labarin adabi, domin ita ta tilasta wa mai karatu ya yarda fatalwar ta shigo duniyar masu rai. Da ba don irin wannan ƙwarewa ba, da wuya littafi mai kwafi 350 ya kai shekara ɗari ana karanta shi.

4.3 Jigo

A nawa ra'ayin, babban jigon littafin shi ne tashi da faɗuwar gidaje a ƙasar da abinci bai wadata ba. Aljanu da dodanni hanya ce ta faɗin abin da baki ke nauyin faɗa. Ga misalai huɗu.

Labarai na 18 zuwa 21 sun shafi wani gida mai arziki a Yamaguci. Wani mutum ya gamu da 'yan mata biyu a bakin gada, suka ce masa daga gidan suke, za su koma wani gida a wani ƙauye. Su ne aljanun ɗaka da ake kira zashiki warashi, waɗanda aka yi imani arzikin gida yana tare da su. Ba da jimawa ba mutum ashirin da wani abu na gidan suka ci laimar kwaɗi mai dafi suka mutu rana ɗaya, sai yarinya 'yar shekara bakwai ta rage. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin tarihin: dangi na kusa da na nesa suka zo, wannan ya ce yana bin bashi, wancan ya ce an yi masa alkawari, suka kwashe kayan gidan kaf.

Labari na 11 babu aljani a cikinsa sam. Rikicin suruka da matar ɗa ne ya kai ɗan ya wasa lauje ya sare mahaifiyarsa, ita kuwa kafin ta cika ta roƙi 'yan sanda su yafe masa. Labari na 111 ya ambaci wani fili a Yamaguci inda aka ce a da akan kai duk wanda ya haura shekara sittin, tsofaffin su riƙa saukowa da rana suna aikin gona don su sami na sawa a baka. Labarai na 55 da 56 kuma suna magana a kan jariran da aka ce 'ya'yan dodon ruwa ne, kappa, aka kashe ko aka yar. Masu nazari da dama sun danganta wannan da kisan jarirai a shekarun yunwa, da kuma cikin da gida ba ya son a san ubansa.

Sai labari na 99, na wani ɗan Tsucibuci da ya yi aure a gaɓar teku, ambaliyar teku ta 1896, wadda ta kashe kimanin mutum 22,000, ta tafi da matarsa da ɗansa. Bayan shekara guda, a wani dare mai hazo, ya ga matar tana tafe da saurayin da take so kafin aurensu, wanda shi ma ruwan ya ci. Bayan ambaliyar 2011, lokacin da Tono ya zama sansanin kai agaji ga garuruwan gaɓa, mutane sun koma ga wannan labari suna karanta shi a matsayin shaidar wanda ya tsira.

Duk waɗannan ba za a same su a rajistar hukumar ƙauye ba. Nan ne littafin ya biya wani ɓangare na bashin da ya ci: ya saka Tsucibuci a ƙarƙashin sunan Tono, amma ya bar sunayen unguwanni da gadoji da filaye, har mai bincike yana iya bin sawunsu da ƙafa.

5.0 Birni Ya Gaji Littafi

Ƙarshen Sasaki yana da alaƙa da tarihin hukumar ƙauyen. Ya koma gida, ya zama shugaban Tsucibuci a 1925, rigingimu da basussuka suka sa ya sauka a 1929, ya ƙaura zuwa Sendai, inda ya rasu a 1933 yana da shekara 46. Ya bar nasa tarin tatsuniyoyi, irin su Kikimimi Zoshi na 1931, masanin harshe Kindaici Kyosuke kuma ya kwatanta shi da 'yan'uwan nan Grimm na Jamus.

Birnin da aka kafa a 1954 tarin ƙauyuka ne da kowanne ke da wurin ibadarsa da bikinsa, yana kuwa buƙatar abin da zai haɗa su. Littafin ya samar da wannan. Daga wajen 1970, lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta shiga kwaɗaita wa mutanen birane yawon ganin karkara, Tono ya fara tallar kansa da sunan mahaifar tatsuniyoyi. An buɗe gidan adana kayan tarihi na birni a 1980, an buɗe Denshoen a Tsucibuci a 1984, inda aka keɓe ɗakin tunawa da Sasaki. A 2013 gwamnatin ƙasa ta sa unguwar Yamaguci cikin muhimman wuraren al'ada da ake karewa.

An sami amfani a nan, ba a musu: an gyara tsofaffin gidaje, tsofaffi mata masu tatsuniya sun sami masu sauraro da karin harshensu, sunan Sasaki ya dawo. To amma an yi wa littafin tankaɗe. Dodon ruwan da ke tsaye a madadin jaririn da aka binne ya zama ɗan zane mai murmushi, har ana sayar wa baƙi takardar izinin kama shi a ƙoramar da ke bayan wurin ibada na Jokenji. Abin da Yanagita ya nace cewa al'amarin yanzu ne, an mai da shi ga ta nan ga ta nanku. Masaniya Marilyn Ivy ta tattauna wannan juyi a littafinta na 1995. A halin da ake haka kuma jama'ar birnin ta yi ta raguwa, har ƙidayar 2020 ta same ta kimanin 25,000.

6.0 Kammalawa

Takardar nan ta yi ƙoƙarin nuna cewa Tono Monogatari littafi ne mai fuska biyu ga ƙauyen da ya haife shi. Ya ɗauke masa suna, ya sauya masa harshe, ya datse wasu labaransa don su dace da tambayar mawallafi, kamar yadda labari na 8 ya nuna. A ɗaya gefen kuma ya adana abin da hukuma ba ta rubutawa, ya yi shi da salon da ya sa ake karanta shi har yau. Ta kuma nuna cewa mai kukan haɗewar 1954 ya kamata ya tuna Tsucibuci kansa ɗan haɗewar 1889 ne, kuma abin da ya wanzu a duk sauye-sauyen nan shi ne unguwa da gida.

Shawarar da za a bayar ga mai koyar da wannan littafi, ko wani tarin adabin baka irinsa, guda uku ce. A karanta shi tare da rubuce-rubucen Sasaki, a ga inda suka saɓa. A karanta shi da taswirar da ke nuna iyakokin da aka soke, don a san wace unguwa ke magana. A kuma riƙa tambayar wa ya faɗa, wa ya rubuta, da wane harshe, domin a wannan littafi amsoshin tambayoyin nan uku ba su faɗa kan mutum ɗaya ba.